Ciwon ƙashin Baba, sun ce miyelom ne

Sani: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku yi haƙuri da dogon saƙo cikin daren nan, abin ne ya sha kaina. Mahaifinmu tela ne, shekararsa 64, kusan arba'in daga ciki a kan keken ɗinki ya yi su. Tun daminar bara yake kukan baya. Muka ce zaman keke ne, wasu suka ce sanyin ƙashi, aka yi ƙaho, aka sha saiwoyi. Abin da ya fara tsorata shi, wata Juma'a ya sa babbar rigar da shi da kansa ya yanka, sai ya ga tana sharar ƙasa. Ya miƙo mini tef ya ce in auna shi. Ya ragu da yatsa uku, mutumin da ya san awon jikinsa kamar sunansa. Da hunturu kuma atishawa ɗaya ya yi, haƙarƙari ya tsage.

An yi radiyo, wato hoton ƙashi, an ɗebi jini, aka tura mu Yamai, can suka huda ƙashin ƙirji suka zuƙo ɓargo. Suka ce miyelom ne, wai sankarar ɓargo. An rubuta masa parasetamol da tramadol, aka ce mu dawo a fara babban magani. Mun dawo gida wata biyu ke nan muna haɗa kuɗi. Matsalar ita ce ya ƙi tramadol ƙememe, wai shi ba ɗan kabu-kabu ba ne da zai ƙare rayuwarsa da tramol. Diklofenak yake aika yara su sayo masa wajen masu talla, ya ce ita ce ke masa aiki. Da dare ina jin nishinsa ta bango, da safe in na gaishe shi sai ya ce lafiya lau. Me za mu yi?

Balki: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne.

Idi Kabu-kabu: Amin. Amma a gaya wa Baba ba dukanmu ke sha ba fa, shekarata tara a kan babur ko sigari ban taɓa ba.

Sani: Yi haƙuri Idi, maganar tsoho ce na kawo yadda ya faɗe ta.

Alhaji Na-Tibiri: Allah shi ba shi lahiya. Sani, ka kawo shi nan wajenmu, akwai wani maɗori da ya gaji abin tun kaka da kakanni. Ɗana da ya hwaɗo daga amalanke, ƙahwa ta karye biyu, shi ya ɗora ta, yau yaron shina buga ƙwallo. A ja bayan nan a murza shi, a ɗaure, sati ukku ka ga ikon Allah.

Majo Isuhu: Sani, kafin komai: a daina diklofenak yau, ba gobe ba. Ita da ibuprofen da duk danginsu. Na yarda tana kwantar da ciwon, shi ya sa take da haɗari. Wannan cuta tun asali tana cin ƙoda, saboda wani furotin da ɓargon ke zubarwa cikin jini yana toshe ƴan hanyoyin da ƙoda ke tace fitsari. Diklofenak kuma tana rage jinin da ke shiga ƙodar. Ka haɗa biyun ka ga inda aka dosa. In ƙoda ta tsaya, ciwon baya ya zama ƙaramar magana. Shekarata ashirin da wani abu ina aikin jinya, na ga wannan da idona.

Alhaji, ranka ya daɗe, da girmanka, amma kar a taɓa bayan nan.

Alhaji Na-Tibiri: Majo, ku mutanen gidan likita komi namu na gargajiya sai ku raina shi. Kahin a gina asibiti wa ka ɗora ma kakanninku ƙashi?

Dokta Hadiza: Baba Alhaji, ba raini ba ne, bari in yi bayani. Ƙafar ɗanka lafiyayyen ƙashi ne ya karye, ana daidaita shi zai haɗe. Na Baban Sani daban ne. Ƙashin ɗan Adam kullum cikin gyara yake, akwai ƙwayoyin da ke kankare tsoho, akwai masu zuba sabo, kamar masu yaɓen ɗaki kafin damina. A miyelom, wasu ƙwayoyin ɓargo da ake kira plasmosit, waɗanda aikinsu ƙera garkuwar jiki ne, su ke yaɗuwa ba tsari. Suna zuga masu kankarewa, suna kuma hana masu yaɓe aiki. Sai ƙashin ya zama kamar azarar da gara ta ci: daga waje ka gan ta lafiya, ka dafa ta ta ruguje. In ka ga radiyon ƙoƙon kan irin waɗannan marasa lafiya, ramuka ne zagaye-zagaye kamar an huda da ƙusa. Kusan mutum 8 cikin 10 ƙashinsu ya riga ya taɓu ranar da aka gano cutar.

Rigar da ta yi wa Baba tsawo, ƙasusuwan gadon baya ne suka lotsa, wani kan wani. Ta tsakiyarsu laka ta ratsa. In aka ja aka murza, ɓallin ƙashi ya danne laka, ƙafafu sun tafi. Mutumin da atishawa ta tsaga wa haƙarƙari, ina zai iya da hannun maɗori?

Sani, in ka duba takardun za ka iya ganin an rubuta sunan Kahler. Cutar ɗaya ce, sunan wani lokotoro ne, Otto Kahler, da ya yi bayaninta a 1889, masu Faransanci har yau da shi suke kiranta.

Ramatu: Wallahi haka aka yi wa yayar mahaifiyata. Da ƙafarta ta shiga gidan mai tausar, a tabarma aka fito da ita. Ba mu taɓa sanin sunan ciwonta ba, sai yanzu da nake karanta bayanin Dokta jikina ya yi sanyi.

Alhaji Na-Tibiri: To, Allah shi kyauta. Ni dai alheri nike nuhi.

Hajiya Rabi: Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, ɗiyata ce ta karanta mini, na ce ta rubuta abin da zan faɗa. Ni ce mai irin wannan ciwo, shekara uku ke nan da watanni. Sani ɗana, na san abin da mahaifinka yake ciki fiye da yadda kai ka sani.

Ciwon nan ba irin na gajiya ba ne. In kana kwance shiru yakan yi sauƙi, amma ka ce za ka juya, ko ka tashi, ko tari ya zo maka, sai ka ji kamar an soka maka wuƙa. Sai mutum ya koyi daina motsi. Ka daina zuwa suna, ka daina zuwa gaisuwa, jikanka ya rugo zai faɗa jikinka ka daka masa tsawa, yaron ya tsaya yana kallonka. Wannan ya fi ciwon kansa yi mini zafi. Wata biyar ban ɗauki jikata ba.

Ni ma na ƙi tramol da farko, kunya nake ji a ce Hajiya guda tana sha. Kuma na ɗauka haƙuri shi ne in cije baki. Sai nake bari har ciwon ya kai ni ga kuka kafin in haɗiya ƙwaya, sannan in ce ai maganin ba ya aiki. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ce mini, Hajiya, wutar kara tun tana ƙarama ake kashe ta. Ta ce in riƙa sha da lokaci, ko ina jin ciwo ko ba na ji. Na ɗaura shi da lokutan salla don kar in manta. Cikin sati ɗaya na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne. Kafinta ya yi mini kujera mai rami aka ɗora kan masai, don tsugunno ya fi ƙarfina. Aka ɗaga gadona da bulo, na bar kwanciya ƙasa. In zan tashi sai in mirgina gefe gaba ɗaya kamar gungume, in sauko da ƙafafu, in tura da hannu. Buta ma rabi ake zuba mini. Amma ban kwanta ba, kullum da hantsi ina zagaya tsakar gida da sandata. Yanzu ina zuwa kasuwa a adaidaita, ina gaya wa yaron ya bi ramuka a hankali, in ya ƙi in sauka.

Balki: Allahu akbar. Inna Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya. Kin sa ni hawaye.

Majo Isuhu: Hajiya ta gama magana. Abin da ta faɗa na shan magani da agogo shi ne tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tun 1986 don ciwon sankara: ta baki, a kan lokaci, daga ƙarami zuwa babba. Parasetamol, in bai isa ba tramadol, in bai isa ba morfin, ko da yake shi ba kullum ake samunsa a hannu ba. Wanda ke sha don ciwo da awon lokotoro daban, yaron da ke watsa ƙwayoyi cikin shayi don ya yi aikin ƙarfi daban. Sai dai a saya a farmasi da ordonans, wato takardar lokotoro, ba na tire ba, na tire ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki. Kuma tramadol yana ɗaure ciki, a tanadi maganin hakan tun farko. In ƙoda ta raunana ana rage awon, shi ya sa dole a auna jini.

Sani: Na gode ƙwarai. Akwai kuma maganar salla. Ya ƙi zama kan kujera, sai ya yi sujada, in ya ɗago fuskarsa duk gumi. Kuma ya ce azumi mai zuwa ba zai sha ko ɗaya ba.

Malam Lawali: Sani, ka gaishe da Baba ka ce in ji ni. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya yi rashin lafiya ya tambayi Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, aka ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Rangwame ne daga Allah, karɓarsa ba ragwanci ba ne. Azumi kuma Alƙur'ani da kansa ya ɗauke wa marar lafiya. In masana sun ce ƙodarsa na buƙatar ruwa da rana, to ya sha, in ciwon ba mai barinsa ya rama ba ne ya ciyar. Gobe bayan la'asar zan biyo in Allah ya so, irin wannan magana ta fi shiga daga bakin sa'a.

Habu: Ni zan faɗi abin da kowa ke kauce wa. Ciwon nan ana warkewa ko ba a warkewa? Ƙanen mahaifina sankara ta kama shi, muka sayar da gona, muka sayar da shanu biyu, Yamai sau huɗu, a ƙarshe gawa muka ɗauko, aka bar marayu ba gona. Daga Maradi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Tsohon da bayansa ya lotsa za ku ɗora a bas yini guda? Ku bar shi a ɗakinsa cikin iyalinsa, a ba shi na rage zafi, a yi ta addu'a.

Ramatu: Haba Yaya Habu, a gaban ɗansa?

Habu: Gaskiya ɗaci gare ta, Ramatu. Da wani ya gaya mana ita da gonar tana nan.

Sani: Ku bar shi, tambayar da ke hana ni barci ke nan.

Dokta Hadiza: Tambayar Habu daidai ce, ba zan yi muku ƙarya ba. Ga mafi yawan mutane miyelom ba ya warkewa ɗungurungum. Ana kwantar da shi, ya yi shiru wata da watanni ko shekaru, ya taso, a sake kwantar da shi. Amma Habu, inda na saɓa da kai: a wannan cuta babban maganin shi ne babban mai rage zafin. In aka rage ƙwayoyin da ke cikin ɓargo, cin ƙashin yana raguwa, ciwon ya sauka. Tramadol kaɗai rufe baki ne, gara tana ci gaba da aikinta.

Kuma ba duka ne sai mai kuɗi ba. Melfalan da prednizon ƙwayoyi ne da ake ba masu wannan ciwo tun shekarun 1960, har yau ana amfani da su ga tsofaffi. Talidomid ta shigo a 1999. Bortezomib, allura ce, ta fito a 2003, ta fi ƙarfi, ta fi tsada. Ku zauna da lokotoronsa ku faɗa masa ƙarfin aljihunku ba kunya, ku tambaye shi wane ne za a iya ci gaba da shi a nan Maradi, sau nawa dole sai an je can. Fara mai tsada a tsaya a rabi ya fi ciwo.

Na ƙashi kuma akwai asid zoledronik, giram ba ya kaiwa, miligiram 4 ne cikin ƙarin ruwa, galibi duk sati huɗu. Yana taka wa masu kankare ƙashin birki, karaya ta ragu. Sai an duba ƙoda kafin kowane zubi. In kuma wuri ɗaya ne ya addabe shi, ana gasa wurin da na'ura, wani lokaci zama ɗaya ya wadatar. Tun 2021 akwai na'urar a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai, da can sai an fita waje.

Hajiya Rabi: Wannan ƙarin ruwan ana yi mini. Ranar farko na yi zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi kwana biyu, na ce sun kashe ni, ashe haka yake yi. Amma a kai shi wajen mai duba haƙori tukuna. Ni sai da aka cire mini turmi ɗaya ya warke kafin a fara, suka ce in an cire haƙori ana cikin maganin, ƙashin muƙamuƙi na iya ƙin warkewa. Talidomid kuwa ta bar mini tafin ƙafa kamar ina taka ƙaya, da na faɗa aka rage. Habu ɗana, ni ma na sayar da filina. Ban ce kowa ya yi ba. Amma na aurar da ƴaƴa biyu a cikin shekarun nan, ina zaune a tsakar gida aka yi.

Habu: Allah ya ƙara kwana, Inna. Ban da ta cewa.

Zara: Salamu alaikum, ni ce ƙanwar Sani, Balki ta sa ni cikin zauren. Yaya, kai da safe kake ganinsa da dare, ni da Inna muke yini da shi. Akwai abin da ba ka sani ba, ya hana mu faɗa. Baba ya rage shan ruwa da gangan. Ƙishirwa na damunsa sosai, amma sai ya kurɓa kaɗan ya ajiye, don tashi zuwa fitsari azaba ne, kuma ba ya son Inna ta riƙa kai masa gwangwani. Duk da haka fitsarin yawa yake. Kwana biyar bai yi bayan gida ba. Jiya ya kira ni da sunan Gwaggo da ta rasu, ya tambaye ni ko an kai ɗinkin Sallar da ta wuce. Inna ta ce tsufa ne. Ita ma Innar ba ta barci, ta rame, in na ce ta kwanta sai ta ce wa zai juya shi.

Dokta Hadiza: Zara, Allah ya yi miki albarka da kika faɗa. Sani, ban ga Baba ba, amma ƙishirwa, yawan fitsari, ɗaurewar ciki da ruɗewa a mai miyelom, abin da ake fara zargi kalsiyom ne ya hau. Ƙashin da ke narkewa cikin jini yake zubar da shi. Ga ƙarancin ruwa, ga diklofenak. Wannan ba na jiran haɗa kuɗin Yamai ba ne. Ku kai shi asibiti yanzu, ku tafi da duk takardunsa, ku ce a auna kalsiyom da kreyatinin, wato awon jinin da ke nuna aikin ƙoda. Ƙarin ruwa ake fara yi, kuma ana yinsa a nan. Kafin ku fita ku tambaye shi: ƙafafunsa sun yi nauyi ko sun mutu? Fitsari na ƙin fita ko yana zuba bai sani ba? In e, ku faɗa tun a ƙofa, laka ce, awoyi ake ƙirgawa. A ɗauke shi a kwance, kar a naɗe shi a bayan babur.

Sani: Ƙafafu lafiya, yana motsa su. Zara, me ya sa ba ki gaya mini ba?

Zara: Ya ce in na faɗa bai yafe ba, wai kana da nauyi da yawa a kanka.

Idi Kabu-kabu: Maƙwabcina na da mota, bari in buga masa ƙofa. Turo mini kwatance ta waya.

Majo Isuhu: In an sallame shi, ruwa lita biyu zuwa uku a yini, sai in lokotoro ya ce a rage. Ku saya masa bututun fitsarin nan na roba mai murfi ya ajiye gefen gado, ya yi da kansa ba sai ya kira kowa ba. Mutuncinsa yake karewa, ba taurin kai ba ne kawai. Kuma ku raba kwana, Sani. Inna in ta faɗi, marasa lafiya biyu gare ku.

Sani: Jama'a, kwana huɗu ban leƙo ba, muna asibiti. Yadda Dokta ta ce haka ne, kalsiyom ya hau, ƙoda ta taɓu amma sun ce an zo da wuri. An yi ta ƙarin ruwa, shekaranjiya hankalinsa ya dawo, ya gane kowa, har ya yi wa Zara faɗa. Malam Lawali ya zo, sun daɗe su biyu, da magariba na ga Baba ya yi salla a zaune bakin gado. Tramadol kuwa sai da Hajiya Rabi ta turo saƙon murya na kunna masa sau biyu. Ya ce wace ce wannan, na ce mai irin ciwonka ce, shekara uku. Ya yi shiru, ya ce miƙo. An rage masa awon saboda ƙodar. Daren jiya ni na kwana da shi, ban ji nishi ba. Yau da safe ya ce a kawo masa almakashi da alli, akwai yadin jikansa da ya ajiye tun kafin ya kwanta, ya shimfiɗa shi kan faranti a cinya ya yanka. Ɗinkin yaron shagonsa zai yi, an hana shi taka keke.

Maganar Yamai ba mu yanke ba. Yaya babba na Kano yana ganin a je, Inna tana tsoron hanya, shi kuma Baba ya ce a faɗa masa kuɗin tukuna, kar a sayar da komai bai sani ba.

Habu: Wannan haƙƙinsa ne. A gaya masa duka, har abin da Dokta ta ce na warkewa.

Alhaji Na-Tibiri: Alhamdu lillahi. In kun yanke tahiya kar ku sa shi bas. Motata tana nan, a cire kujerar baya a shimhiɗa katihwa, ku kwana Dogon Dutsi ku ƙarasa da sahe. Mai kawai za ku zuba.

Sani: Allah ya saka da alheri, Baba Alhaji. Hajiya, Inna ta ce a tambaye ki tsawon kujerar masan nan, kafinta zai zo gobe.

Hajiya Rabi: Daidai gwiwarsa in yana tsaye, ko ta ɗara kaɗan. A sa mata hannu biyu na dafawa, kuma kar ya yi ta da katako mai santsi.